A Fim, Mahauci Ba Ya Samun Yarinya

Tun ranar da na sauka daga kan babur a bakin kasuwar Kebbe bakina bai huta ba. Mai sayen tsoka ya tambayi Misira, mai sayen kayan ciki ya tambayi jirgi, har waɗanda ba su taɓa sayen ko ƙashi a rumfata ba yanzu sun zama 'yan gida. Na gaji da yanka labarin gunduwa-gunduwa, shi ya sa na ce bari in shimfiɗa shi gaba ɗaya, duk mai so ya ɗiba.

Sunana Altine. Mahauci ne ni, ɗan mahauci, jikan mahauci. Na faɗi wannan tun da wuri domin a kansa tafiyar ta tsaya.

Waɗanda suka san ni sun san ciwona, wato tsofaffin fina-finan Larabawa, masu baƙi da fari. A Tambuwal na kamu da shi ina saurayi, a gidan Malam Buhari, wanda ya yi karatu a Misira ya dawo da akwatin bidiyo da tulin kaset. Nakan kai masa nama ranar kasuwa, in tarar da shi da abokansa ma'aikata a kan darduma suna kallo. Ba wanda ya taɓa kora ta, ba kuma wanda ya taɓa cewa in hau dardumar, sai in zauna wajen takalma in baza ido. A nan na tsinci Larabcina, kalma ɗaya yau, ɗaya gobe. Yanzu da waya ta zo, ko ina jiran ciniki kallo nake yi.

Labarin fina-finan kusan ɗaya ne, amma ban taɓa ƙoshi ba. Ɗan mai ban ruwan lambu ya so 'yar mai gida. Ya sa kwat ɗin aro ya hau wata doguwar matakala. Uban yarinya, wanda suke kira Basha, ya dube shi sama da ƙasa ya ce, ɗan wane ne kai? Da ya ji amsa sai ya miƙe tsaye, ya ɗaga hannu ya nuna ƙofa, ya daka tsawa, "Barra!" wato waje. Sau nawa na ga wannan hannun, kuma kullum sai gabana ya faɗi.

Akwai kuma mahauci a cikinsu, shi ne ya fi ɗaure min kai. Ƙato ne mai zobba a yatsu, yana zaune a kujera a ƙofar shagonsa, duk wanda ya wuce sai ya gaishe shi da "ya ma'allim". Ma'allim fa, wato malam! Na taɓa tambaya, abokan Malam Buhari suka yi dariya suka ce ƙaryar fim ce. Amma na lura da abu guda. Duk kuɗinsa, duk girmansa, ban taɓa ganin mahaucin nan ya samu yarinyar ba. Kullum wani siririn ma'aikaci mai tabarau ne yake tafiya da ita.

To, yayana Garba, Allah ya jiƙansa, ya bar ɗa guda namiji, Nafi'u. Yaro mai kai, ya samu gurbin karatun haɗa magunguna a Alƙahira. Kafin ya tafi mun nema masa aure a Dogon Daji. An karɓe mu da fara'a, an ba mu ruwa, bayan mun dawo aka aiko cewa sun bincika asali, a yi haƙuri. Tun daga ranar yaron nan bai ƙara takowa rumfarmu ba, ko sunan sana'ar ba ya so a ambata a gabansa. Uwarsa Hajo ba ta taɓa yi masa maganar ba, amma na san abin yana cinta.

Ana nan sai ga wayarsa.

"Bappa, na ga ɗiyar mutane, Salma sunanta. Ubanta ya ce sai ya ga babba daga gidanmu. Amma abu guda nika roƙo. In an tambayi sana'a, ka ce kai ɗan kasuwar shanu na."

"Ai ba ƙarya ba ta, ina sayen shanu."

"To nan za ka tsaya, Bappa. Kar ka kai ga wuƙa."

Na ce to. Na san in aka sake nuna wa yaron nan ƙofa, ba aure kaɗai za mu rasa ba, shi kansa za mu rasa. Da na gaya wa Hajo, sai ta ce, "Ba a zuwa gidan surukai hannu rabbana. Ka yi kilishi irin na yayanka."

"Yaya, ya ce kar a kai abin da zai nuna."

"Shi yac ce. Ni uwatai, ni nac ce a kai."

Ba a musu da Hajo. Na zaɓi cinyar bijimi mai kyau, na yanka ta fale-fale, na shanya, na tsoma a tunkuza da yaji, na gasa da hannuna. Na naɗe a takarda na cusa a ƙasan jaka, ƙarƙashin babbar rigata ta Sallah.

Ƙarshen damina ne, hanyarmu kuwa kun san ta. Mai babur ya ɗauko ni da jaka a cinya, muka yi ta kurɗawa tsakanin ramuka. A wani kwari taɓo ya riƙe taya, na sauka na tura, ga ni mai shirin hawa jirgin sama da laka har gwiwa. A nan garken Arɗo Jaɓɓi ya tare mu, mutumin da na daɗe ina sayen shanu a hannunsa. Da ya ji inda za ni sai ya jingina da sandarsa ya ce, "Altine, in ka isa ka duba muna shanun Larabawa, ka ga ko suna da tozo." Duk duniya abin da ya dame shi ke nan.

A Tambuwal na tsaya gaida Malam Buhari. Ya tsufa, ido ya yi rauni, amma kunne garau. Na ce bari in gwada masa Larabcin da zan yi a gaban surukai. Ban kai rabi ba ya kama dariya har da tari.

"Larabcin ga naka ya girme ka, Altine. Masu yin shi dut sun mutu."

"Malam, ka hwaɗa man gaskiya yau. Da gaske na ana ce ma mahauci malam can?"

"Tai ka gani da idonka. In ni na hwaɗi, cewa za ka yi ba'a nika yi."

Motar Sakkwato ta bi ta Dogon Daji, na kau da kai har muka wuce. Daga Sakkwato sai Kano, tafiyar rana, kowa bakinsa da addu'a har muka fita daga dajin da ake tsoro. Jirgi kuwa ba zan ɓata muku lokaci ba. Kunnuwana sun toshe, an ba ni abinci a 'yar tasa kamar ta magen gida, kuma maɓallin bayan gida ya yi wata ƙara da na ɗauka ƙasan jirgin ne ya ɓalle. Na fito da salati, wata Balarabiya ta yi ta yi min alama da hannu cewa ba komai.

Abu na farko da ya girgiza ni da muka sauko shi ne launi. Ku yi dariya in kuna so, amma ni a raina Alƙahira baƙi da fari ce. Shekara da shekaru haka na san ta. Sai ga ta ta taga, ruwan ƙasa-ƙasa, da kore a gefen kogi, da motoci ja da shuɗi. Na ce ikon Allah, ashe har da launi aka yi ta.

A wurin binciken kaya wani matashin jami'i ya buɗe jakata, ya kai hannu ƙasa ya zaro ƙunshin. Ya ɗaga falle ɗaya yana juyawa, ya tambaya ko fatar takalmi ce. Nan na gyara tsayuwa na saki Larabcina. Na kira shi mai girma Basha, na yi masa addu'ar Allah ya daɗa ɗaukaka gidansa, na ce ni bawansa ne mai neman alfarma. Ya tsaya baki buɗe, sai ya ƙwala wa abokan aikinsa kira, su zo su ji wani baƙo yana magana irin ta kakansa. Suka kewaye ni suna cewa in ƙara. Na ƙara musu. Aka kira wani dattijo mai farar riga, ya shinshina kilishin, ya ga busasshe ne ƙarau, ya ce a bar ni in wuce. Har na yi nisa ina jin suna maimaita maganata suna shewa.

Nafi'u na jirana a waje. Ya rame, ya yi haske, ya rungume ni irin tasu. Muna shiga mota hancinsa ya gaya masa.

"Bappa, mi ka cikin jakar ga?"

"Saƙon uwarka na."

Muna isa masauki ya ɗauke ƙunshin ya jefa can saman kabad, inda ko da kujera sai an yi miƙa.

Masaukin ɗaki ne a can ƙololuwar wani bene, shi da wasu ɗalibai biyu, Bakatsine da ɗan Maraɗi. Ana hawa da wani keji na ƙarfe mai ƙofa biyu, yana tafiya yana kuka. Rana ta farko na shiga, ta biyu na ce ƙafata ba ta yi min laifin komai ba. Da safe na leƙa ta baranda sai na ga wata mata a benen da ke kallonmu ta zuro kwando da igiya har ƙasa, mai gurasa ya zuba mata, ta janye abinta. Wallahi sai da na yi kabbara. Na sha ganin wannan kwandon a fim, na ɗauka dabarar masu shiri ce. Mai gurasar kuma a kan keke yake, da wani faffaɗan katako a ka, gurasa jere a kai, hannu ɗaya a keke, yana ratsa motoci kamar ba mutuwa a duniya.

Abinci dai wake ne. Da safe wake, an dama shi da mai da lemun tsami, a dangwala da gurasa. Akwai wani kuma da suke haɗa shinkafa da taliya da ƙananan wake da soyayyiyar albasa a kwano ɗaya, kamar an share kicin an zuba. Na yi masa kallon raini, na cinye kwano biyu. Sun kai ni na ci tantabara da aka cusa wa shinkafa a ciki, ta yi daɗi, amma ba yaji. Mutanen nan ba su san yaji ba, sukari suka sani. Shayinsu in ka tsoma cokali kusan ya tsaya da kansa.

A ƙofar benen akwai mai gadi, Ammu Idris, wato Baffa Idris, baƙi kamar ni, daga kudancin ƙasar. Kullum yana kan benci da farin rawani. Mun saba da shi da wuri, don shi kaɗai ne ba ya dariyar Larabcina. Wata rana muna shan shayi na ce masa na lura a fina-finan nan masu irin fatarmu ƙofa kawai suke buɗewa, ko su kawo tire. Ya yi murmushi, ya buga bencin da yake kai da tafin hannu, ya ce fim ya yi ƙarya a abubuwa da yawa, amma a wannan bai yi ba. Maganar ta kwana a raina, domin ganin surukai saura kaɗan.

Kafin ranar, Nafi'u ya zaga da ni gari. Na ga dalar Fir'auna, masu tambaya ku ji, duwatsu ne da hankali ba ya ɗauka, kowane ɗaya ya kai rumfata. Amma ni abin da ya fi tsaya min shi ne gadar Kogin Nilu. Nan ne fa ɗan mai ban ruwan lambu yake tsayawa bayan an kore shi. Na dafa ƙarfen da hannuna, na ji sanyinsa. Ga samari da 'yan mata jere suna cin gasasshiyar masara, suna kallon ruwa, ba mai ce musu kanzil. Na tsaya har Nafi'u ya gaji ya ja ni. Tsallake titi kuwa ban iya ba har na baro ƙasar. Sai dai in laɓe a bayan wata tsohuwa in bi ta, don na lura direbobinsu tsofaffi kawai suke jin kunya.

A wani lungu muka shiga shagon shayi, dattawa cike, akwatin talabijin a sama, kuma me ake nunawa? Ɗaya daga cikin na gidan Malam Buhari. Tsofaffin nan suna faɗin magana kafin mutanen cikin akwatin su faɗa, wani yana share ido da hannun riga. Ban san lokacin da bakina ya kuɓuce ba, na riga uban yarinyar faɗin tasa, da muryarsa da komai. Sai wani mai sanda ya taso ya kama hannuna, ya kai ni kujerar gaba, ta tsakiya, ya ce a kawo min shayi. Na zauna ina tuna wajen takalma a Tambuwal.

Muna fitowa, a kan kwana, sai ga shi. Kamar an ciro shi daga kaset. Ƙato, farar jallabiya, zobba, yana zaune a kujera a ƙofar shago. Bayansa cinyoyin shanu rataye, an buga musu jan hatimi, an lulluɓe da farin ƙyalle, tayil fari tas har bango. Wani mai kwat ya wuce ya ɗaga hannu, "Ya ma'allim!" Wata mata ta wuce, "Ya ma'allim!" Na ji da kunnena. Ashe ba ƙarya ba ce.

Na matsa ina kallon yadda yaransa suke fiɗa. Ya lura da ni, ya kira ni, bai tambaye ni komai ba sai ya kama hannuna na hagu ya juya. Ya ga tabon da ke gindin babban yatsa. Ya miƙo nasa, ga shi nan a wuri ɗaya. Muka fashe da dariya mu biyu. Ya sa aka kawo min kujera, ya nuna min wuƙaƙensa ɗaya bayan ɗaya, na yi masa tambayar Arɗo a kan shanu, ya ce nasu ba su da tozo sai waɗanda ake kawowa daga Sudan. Da na waiga, Nafi'u yana can tsallaken titi, ya ba mu baya yana latsa waya.

A hanya na ce, "Ka ji yadda aka kiranai?"

"Na ji, Bappa. Suna kiranai ma'allim, suna cin namanai, amma masu takardar makaranta ba su ba shi ɗiya. Kai ka fi ni sani, kai ka kallon fim."

Gaskiya ya faɗa.

Ranar ta zo. Bayan la'asar na sa babbar rigata, wadda duk ta ɗauki ƙamshin kilishi, Nafi'u ya yi ta fesa mata turare. Shi ya sa kwat, ya rataya wata baƙar jaka da ya ce alewa ce a ciki. Gidan tsohon bene ne, matakala doguwa, kowane taki ina jin kamar na taɓa hawanta. A ƙofa na tuɓe takalmi, sai da na shiga na ga ni kaɗai ne ba takalmi.

Falon ƙarami ne, kujeru masu ruwan zinariya an rufe su da leda. Dab da ƙofa akwai wani kabad na gilashi cike da kofuna da tangaran, irin kwallayen da matanmu suke jerawa ba a taɓawa. A kusurwa talabijin na kunne, baƙi da fari, an kashe murya. Sai ga mai gidan ya fito, Ustaz Hamdi, malamin makaranta mai ritaya. Siriri, mai tabarau, da tsohuwar kwat. Wato shi ne dai wanda yake tafiya da yarinyar a fim, ya tsufa ya haifi Salma.

Aka kawo shayi a kofunan gilashi na yau da kullum. Na miƙe na yi jawabina. Na kira shi Basha, na ce mun zo neman kusanci da gidansa mai daraja, na jero duk abin da na haddace. Ina jin matarsa a bayan labule tana danne dariya. Shi bai yi dariya ba, ya saurara har na gama, ya ce in zauna, Basha sun ƙare tun kafin ya yi wayo. Ya tambayi garinmu, ya tambayi ruwan sama, ya tambayi uwar yaro. Sannan ya gyara tabarau, idonsa a kan hannuwana, ya ce, "Mene ne sana'ar gidanku?"

Na janye hannuwan cikin riga. Na yi alkawari, kuma na zo da niyyar cikawa. Na buɗe baki na ce ni ɗan kasuwa ne. Sauran maganar ta yi nauyi, ina lalubenta.

"Gazzar."

Ba ni na faɗa ba. Kalmarsu ce ta mahauci, kuma daga bakin Nafi'u ta fito. Ya ce baffansa mahauci ne, ubansa Garba mahauci ne har ya mutu, kakansa ma haka. Ya buɗe baƙar jakar nan, sai ga ƙunshin Hajo. Ya warware takardar a kan tebur, ƙamshin tunkuza da yaji ya cika falon. Ya ce, "Wannan aikin hannunsa ne. Da shi aka rene ni."

Ustaz Hamdi ya dubi kilishin, ya dubi yaron. Sai ya dafa gwiwa ya miƙe tsaye. Ya ɗaga hannu ya nuna wajen ƙofa.

Jama'a, na san wannan hannun. Na san abin da ke biye da shi. Na tashi, idona ya rufe, ina cewa a raina, Garba, na kasa. Har na fara laluben inda na bar takalmina, sai na ji an ja min riga.

"Bappa, zamna. Ba ƙohwa shika nuni ba."

Kabad ɗin yake nunawa. Ya kira matarsa ya ce ta kwashe waɗannan kofunan, ta buɗe kabad ta fito da na ciki. Matar ta fito tana dafe ƙirji, ta ce ko ranar da ya yi ritaya bai bari an taɓa su ba. Ya ce yau za a taɓa. Ya koma ya zauna, ya yi magana a hankali yadda zan gane, inda na kasa Nafi'u ya fassara.

Ya ce tun tuni Nafi'u ya gaya wa Salma sana'armu, Salma kuma ta gaya masa, ita ba ta iya ɓoye masa komai. Ba sana'ar yake jira ya ji ba, jira yake ya ga ko yaron zai faɗa. Ya ce, "Wanda ya ɓoye ubansa a gabana, wata rana zai ɓoye 'yata a gaban wasu."

Aka zuba sabon shayi a wani kofi siriri mai zanen fure, har ina tsoron yatsuna su fasa shi. Ya miƙo min da hannu biyu ya ce, "Sha, ya ma'allim."

Na haura hamsin a duniya. An kira ni Altine, an kira ni mai nama, an kira ni kai mahauci. Ranar ce ta farko da wani ya kira ni malam, kuma malamin makaranta ne ya kira. Ba na jin kunyar faɗa, hawaye ya zubo min har cikin gemu. Don in rufe, sai na nuna talabijin na ce, amma Ustaz, a fim mahauci ba ya samun yarinya. Ya waiga ya dubi akwatin, ya ce, "Shi ya sa na kashe masa murya."

Ya gutsuri kilishin ya kai baki. Yaji ya kama shi, ya yi ta tari, ya cire tabarau, shi ma ga hawaye, ya ƙara gutsura. Ya ce sharaɗinsa ɗaya, yaro ya gama karatu tukuna. Muka ɗaga hannu aka karanta Fatiha, kamar dai a zauren gidanmu. Ba mu shafa ba sai matar ta rangaɗa guɗa. Guɗa fa, irin tamu sak, wadda in ka rufe ido sai ka rantse a Kebbe kake. Salma ta fito ta gaishe ni, yarinya mai kunya, ta ce min "Bappa" da bakinta na Larabawa.

Da za mu sauka matakala na ce wa Nafi'u, "Yaushe ka sauko da shi daga bisa kabad?"

"Jiya, Bappa. Tun da nig ga kana gwada tabo da mutumin can ban samu sukuni ba."

Dawowa ba ta da labari, hanya ce dai ta juyo. Na tsaya Tambuwal na ce wa Malam Buhari na gani da idona. Ya matsa gefe a kan dardumarsa ya ce in hau in ba shi labari, na hau. Na aika wa Arɗo amsar tozo. 'Yan rumfa kuwa sun samu abin yi, yanzu ba mai kirana sai da Ma'allim Altine, ba'a suke yi, ni kuwa amsawa nake yi da ƙarfi.

Amma da na iso Kebbe, da jaka a hannu da laka a ƙafa, gidan yayana na fara shiga. Hajo na tsakar gida tana tsince shinkafa. Ta riga ta ji a waya cewa an karanta Fatiha, don haka ba wannan ta tambaya ba. Ko sannu da zuwa ba ta gama ba ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Altine, mi kac ce musu mu na?"

"Ni ban ce komi ba, Yaya. Ɗanki yah hwaɗi. Da bakinai, gaban uban ɗiyar. Shi yab buɗe kilishin."

Hannunta ya tsaya a cikin faifan. Sannan ta ja bakin zanenta ta rufe fuska, na ji tana cewa a hankali, "Garba, ka ji. Ya hwaɗi sunanka."